Firijin Maman Edith

A falonmu akwai firiji. Duk wanda ya ɗaga labule ya shigo, shi zai fara gani, dogo, fari, an yafa masa ƙyalle mai geza a ka, an ɗora hoton aurenmu. Abin da baƙo ba zai sani ba shi ne, rabon firijin nan da sanyi tun 'yata Edith tana firamare, ga ta yanzu har ta gama karatu tana koyar da yara a wata makaranta a Samaru. Maigidana Albert ne ya saye shi lokacin da yake aiki a wata masana'anta a nan Chikaji, kafin a rufe ta ya koma gadi. Duk ƙarshen shekara sai ya dafa shi ya ce bana kam za a kira mai gyara. Ni na daina tanka masa, don ban ga abin gyara ba. Firijin yana aikinsa.

Aikin nasa kuwa ba ƙarami ba ne. Gidan haya muke a Sabon Gari, irin mai ɗakuna a jere, kowa na kallon ƙofar kowa, kuma ɓerayen gidan sun girmi wasu masu hayar. Babu kwabar da ba su huda ba. Firiji kaɗai ya gagare su. Saboda haka a sama nake ajiye takardun makarantar Edith, a tsakiya garin rogo da shinkafa da waken da nake ƙosai da shi, a ƙasa kuma farantan tangaran da ba sa fitowa sai Kirsimeti. A jikin ƙofa, inda masu hali suke jera ƙwai, nan zare da allura da maɓallai suke zaune lafiya.

Ƙosai nake soyawa da safe a bakin titi, ma'aikata da makanikai su saya su wuce. Da shi na yi wa Edith karatu, kuma ban taɓa sunkuyar da kai saboda shi ba. Gidana kuwa, wanda ya iya kallo zai karanta shi tun daga ƙofa. Guntayen sabulu ba a yar da su, manna su nake yi a jikin sabo. Man goge baki idan ya ƙi fita, a yanka cikinsa da reza a lakato na kwana da kwanaki. Ledar fiya wata a shanya ta, da ita ake hura gawayi. Bokitin fenti shi ne na wanka, shi ne na ɗiban ruwa, idan baƙi sun yi yawa a kife shi ya zama kujera. Kalandar coci ta bara da ta bariya duk suna bango, don kowacce akwai tsagar da take rufewa. Wannan ni a wurina iya zama ne, ba abin kunya ba.

A wurin Edith ne ya zama abin kunya, kuma ban lura ba sai da maganar Japheth ta taso.

Japheth yaro ne mai hankali, yana aiki a wani shagon magani a Samaru, ya daɗe yana zuwa wurinta. Ba shi da matsala. Matsalar uwarsa ce, Madam Sarah, tsohuwar shugabar makarantar firamare, mace mai tabarau da taƙama, wadda mijinta ya rasu bara. Ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. Cewa ta yi sai ta ga gidan da yarinyar ta fito. Japheth ya faɗa wa Edith cewa uwarsa tana iya haƙuri da komai ban da ƙarya, ko ɗalibanta na da sun san haka. Edith ta zo ta faɗa mini, na ce to ai shi ke nan, mu da ba mu da abin ɓoyewa.

Ranar da Madam za ta zo, tun da safe Edith ta juya gidan. Ta ɓoye sabuluna mai manne-manne, ta saye sabo. Ta kwashe ledojin da na shanya ta cusa ƙarƙashin gado. Wayata da na ɗaure bayanta da roba ta ce in sa a jaka, kada in fito da ita. Na yi ta kallonta ina dariya, na ce ko ni ma za ta cusa ni ƙarƙashin gadon ne. Ba ta yi dariya ba.

Madam ta zo da yamma, ta zauna a kujerar da ta fi lafiya, muka gaisa a mutunce. Ana cikin hira sai na ga Edith ta miƙe ta nufi firiji. Ta tsaya ta tare shi da jikinta, ta buɗe ƙofar kaɗan, ta zaro lemon kwalba guda biyu suna raɓa, sanyi har yana tashi. Ashe tun kafin baƙuwar ta iso ta je shagon bakin layi ta sayo su, ta tura su bayan garin rogo. Madam ta karɓa, ta kurɓa, ta ce kai, firijinku yana da sanyi. Edith ta ce wai haka yake, tsohon ƙarfe ne mai kyau.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba zan ƙaryata 'yata a gaban uwar saurayinta ba, don haka na haɗiye. Bayan ta tafi na yi wa Edith faɗa, ta ce ai lemo ne kawai, an sha an wuce. Ni ma na ɗauka an wuce ɗin.

Bayan sati biyu, ranar wata Talata, na dawo daga kasuwa da buhun wake a kai, zafin bazara kamar zai narkar da kwalta. Ina ɗaga labule ƙarnin jini ya dake ni. Babban bahona yana tsakiyar falo cike da ɗanyen nama, cinya da haƙarƙari da kayan ciki, ƙudaje har sun fara taruwa. Edith tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Da ƙyar na tattaro labarin daga bakinta. Ranar Lahadi Madam za ta yi godiya a coci, shekara guda da rasuwar mijinta, za ta ciyar da dangi da 'yan coci. Ta shiga watanda da matan unguwarsu, sun haɗa kuɗi sun sayi sa, a yanka ranar Asabar a raba. Sai san ya karye a ƙafa wurin sauke shi daga mota, dole aka yanka shi yau. Madam ta aiko Japheth da rabonta a Keke Napep, ta ce firizarta ta cika, a taimaka a sa mata a firijin Maman Edith mai sanyin nan, ranar Asabar za a zo a ɗauka. Japheth yana sauri zai koma shago, ya sauke ya juya. Edith ta ce masa ba damuwa.

Na ajiye buhun wake, na zauna a kan bokitin fenti. Daga Talata zuwa Asabar, a wannan zafi, naman da ko zuwa gobe ba zai kai ba. Idan ya lalace, an ɓata wa gwauruwa ranar tuna mijinta, kuma maganar aure ta mutu. Idan gaskiya ta fito, Edith ta zama maƙaryaciya a idon matar da ba ta yafe ƙarya. Duk ta inda aka bi, auren nan ne a kan wuƙa.

Edith ta tashi ta ruga wurin maƙwabciyarmu Funmilayo, mai sayar da zoɓo da kunun aya, ita ce kaɗai mai firiza a gidan. Funmilayo ta zo da kanta ta leƙa bahon, ta riƙe haɓa. Ta ce firizarta ƙarama ce, a cike take da jarinta, kuma idan jini ya ɗiga a kan zoɓo ta rasa masu saye har abada. Ga shi wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Edith ta kawo maganar ɗakin sanyi na masu kifi a kasuwa. Na ce naman da zai kwana huɗu da kifi, ranar Lahadi duk wanda ya ci zai tambaya ko sa ne ko tarwaɗa, kuma wa zai tsaya mana a kan cewa abin da muka kai shi za a dawo mana da shi?

Na miƙe na ɗaura zani. Na ce wa Edith ta hura gawayi, duka murhu biyun.

Ni ban taso gidan firiji ba. Uwata a ƙauyenmu can kudancin Kaduna takan ajiye naman Kirsimeti har sabuwar shekara, babu wuta babu ƙanƙara, kuma ba wanda ya taɓa ciwon ciki. Muka fito da bahon tsakar gida. Na wasa wuƙa a bakin rijiya, na yanka naman gunduwa-gunduwa, na ware ƙashi gefe, kitse gefe, kayan ciki na wanke su tas. Na ɗora a manyan tukwanena da gishiri da citta da albasa da tafarnuwa da kanumfari, ya tafasa har ya dahu. Na tsame shi a kwando ya tsane. Sannan na juye man ƙosaina a galan, don yana ƙanshin wake, na fasa sabon man gyaɗan da na saya na sana'ar sati, na cika kasko.

Ƙanshi ya tashi ya cika gida, ya tsallaka katanga. A gidanmu kuwa akwai al'ada: duk wanda ya soya nama, ko na kaza ɗaya ne, sai ya zaga ƙofa-ƙofa da ɗan yanki, don ba a cin ƙanshin mutum a bar shi da yawu. Sai ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta zo aron tsintsiya, waccan ta zo tambayar ko an kawo wuta. Na tsaya da matsami a hannu na ɗaga murya yadda har na ɗakin ƙarshe zai ji, na ce naman nan na amana ne, ba nawa ba ne, ko ni ba zan ɗanɗana fiye da na jin gishiri ba, kowa ya yi haƙuri. Wasu suka yi dariya, wasu suka tura baki. Funmilayo ta jawo kujera ta zauna kusa da kwando tana kora ƙudaje da mafici, tana kuma kora masu aron tsintsiya da ido.

Albert ya fito zai tafi gadi, ya tsaya a kaina yana shaƙa, wai a matsayinsa na maigida ya kamata ya tabbatar ko ya soyu. Na miƙa masa kwanon tuwonsa da miyar kuka, na ce ya tafi da ƙanshin, kyauta ne.

Kafin a kira magariba a masallacin layinmu mun gama. Naman ya soyu ya yi ja, ya bushe rau. Na narkar da kitsen na zuba a gwangwanin madara. Ƙasusuwan da romon na bar su a tukunya, don romo ba ya son komai sai a tafasa shi safe da yamma, kada kuma a sa masa cokali bayan an sauke. Da naman ya huce na wanke sabon bokitin fenti mai murfi, na jera shi a ciki, na kwarara masa mai a kai. A nan ne na hango wata matsalar.

Naman da ya cika baho, da ƙyar ya kai wuyan bokiti. Na sani sarai haka nama yake, idan ya sha wuta sai ya koma. Amma matar da ta saba ciro nata daga firiza ta san haka? Za ta dubi bokitin nan, ta tuna yawan naman da ta aiko, ta tuna gidan haya mai ɗakuna a jere, ta yi lissafinta a zuci. Ba za ta ce komai ba, irinsu ba sa cewa. Ni an kira ni matalauciya ban damu ba, amma ban taɓa zama inda aka yi mini kallon ɓarauniya ba, kuma tunanin haka kaɗai ya sa na ji zazzaɓi.

Edith kuwa da ta ga nama ya tsira sai ranta ya dawo, har da dabara. Ta ce ai abin ya zo da sauƙi, ranar Asabar sai mu ce an ɗauke wuta kwana biyu, shi ya sa muka soya. Wa zai yi musu? Kowa ya san halin wuta.

Na ce ba zan faɗa ba. Na ce yau nama ne, gobe idan an yi auren kifi za ta aiko, jibi maganin da ake ajiyewa a sanyi, kullum sai mun ɗauke wa unguwa wuta da bakinmu? Na ce ranar Alhamis zan kai mata kayanta da ƙafata, in gaya mata abin da firijina yake ci.

Edith ta fashe da kuka. Ta ce, "Mama, ke ba ki san yadda ake kallon mutum ba. Ke kin saba. Ni ce nake shiga gidajensu a Samaru, ni nake ganin yadda suke duban takalmina."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Wato duk shekarun nan da nake ganin muna zaman rufin asiri, ita ciwo take gani. Na ce mata, "Na san kallon, Edith. Tun ba a haife ki ba ake yi mini shi. Amma gidan nan da kike ɓoyewa, shi ya kai ki inda har kika san ƙofofin gidajensu. In za su ɗauke ki, su ɗauke ki da shi."

Ranar Laraba ba ta yi mini magana ba. Ta tafi makaranta ba sallama, ta dawo ta shige ɗaki. Ni kuwa na tafasa romo da safe, na tafasa da yamma, na sake juya naman a kasko, na mayar da shi bokiti, na sa bokitin a firiji saboda ɓera. Na yi dariya ni kaɗai, don ga shi dai naman Madam ya shiga firijin Maman Edith kamar yadda ta nema.

Ranar Alhamis da la'asar na yi wanka, na ɗaura atamfar da nake zuwa coci da ita, na fito da bokitin nama da na romo da gwangwanin kitse. Ina tunanin yadda zan kai su bakin titi ni kaɗai, sai ga Edith ta fito daga ɗaki da ɗankwali a kai, idanu a kumbure. Ta sunkuya ta ɗauki bokitin romo, wanda ya fi nauyi, ta yi gaba. Muka hau bas, muka wuce Kwangila muka miƙe hanyar Samaru, kowa da bokitinta a kan cinya.

Gidan Madam gida ne na gaske, da get da baranda da tukwanen fure a jere. Sai dai da na matsa kusa na ga abin da ke cikin tukwanen alayyafo ne da yakuwa. Ban kawo komai a raina ba tukuna. Ta fito da tabarau a hanci, ta yi mamakin ganinmu, ta dubi bokitai, ta ce mu wuce kicin da su.

A kicin ɗin ne idona ya fara aikinsa, don ni ido gare ni a kan irin waɗannan abubuwa. Tukunyar gas tana lungu, ƙura ta kwanta a kanta, ga murhun gawayi a bakin ƙofar baya da toka mai ɗumi. A wurin wanke hannu akwai sabulu kala uku manne da juna. A jikin bango kuma, ƙarƙashin soket, akwai fili mai faɗi inda siminti ya fi sauran haske, da tabon tsatsa huɗu a ƙasa, ɗaya a kowace kusurwa. Na san abin da yake barin irin wannan tabo. Na waiga ko'ina, babu firiza a kicin ɗin nan, cikakkiya ko wofi. Na kawar da kaina, na kama bakina, don ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Na buɗe baki zan fara bayani, sai Edith ta riga ni. Ta ajiye bokiti, ta durƙusa har ƙasa a gaban Madam.

"Mama, firijinmu ba ya aiki. Tun ina ƙarama ya mutu, gari da kwanuka muke sawa a ciki. Lemon da na ba ku ranan nan, a shago na saya na sa a ciki don ku gani. Mamana ba ta sani ba sai da na fito da shi. Ita ta soya naman don kada ya lalace. Laifina ne, ku yi haƙuri."

Madam ta tsaya a kanta. Ta daɗe tana kallon yarinyar ta saman tabarau, irin kallon da na tabbata ya sa yara da yawa fitsari a wando a zamaninta. Sannan ta juya ta buɗe bokitin nama. Na matso da sauri, na ce ga ƙasusuwan nan duka a romo, ga kitsen a gwangwani, ko tsoka ɗaya ba ta bar hannuna ba, nama ne idan ya sha wuta yake komawa. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce ta san yadda nama yake komawa.

Ta sa yatsu biyu ta ɗauko yanki ɗaya, ta matsa shi, ta shinshina, ta gutsura. Ta tauna a hankali.

"Gishiri bai ji ba, Maman Edith," in ji ta. "In ana so ya kai Lahadi a wannan zafi, sai an ƙara masa, a sake juya shi gobe da safe. Romon kuma, ina fata ba a sa masa cokali ba bayan an sauke."

Ni da nake suya tun kafin a haifi ɗanta, a ce gishirina bai ji ba! Har na ɗauko amsa, sai maganar ta zauna mini. Macen da ta san ba a sa wa romo cokali bayan an sauke, ba a gidan firiza ta koya ba. Na dube ta, ta dube ni. Na ce na rage gishirin ne da gangan, don na san a dafa-duka za a sa shi, kada ya yi yawa. Ta ce a garinsu ba a ragewa, wanke shi ake yi da ruwan zafi kafin a zuba. Na ce to kowa da garinsu. Na ga gefen bakinta ya motsa kaɗan.

Ta koma kan Edith, wadda har yanzu tana durƙushe. Ba ta sassauta mata ba. Ta ce abin da ta yi wauta ce, kuma raini ne ga uwar da ta tsaya a bakin kasko ta yi mata karatu. Ta ce da an zo mata ranar Asabar da labarin an ɗauke wuta, da ta gane, kuma da maganar ta ƙare a nan. Edith tana hawaye tana cewa e, Mama. Ni ban sa baki ba, don duk abin da aka faɗa mata gaskiya ne.

Sai Madam ta juya wajen bango. Ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta nuna filin nan mai tabon tsatsa da haɓa.

"Tashi ki ajiye bokitin a can, inda firiza take a da," ta ce. "Tun rashin lafiyar babansu ta tafi. Ni ma da na ce wa Japheth ya ce muku ta cika, ban kyauta ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan maganar, ni ma ban ƙara ba. Tausayinta ya kama ni, amma na san irinta ba ta son a nuna mata, don ni ma haka nake. Sai na tambaye ta wa zai taya ta girkin Asabar. Ta ce matan zumuntar coci za su zo, amma yawancinsu surutu suka fi iyawa. Na ce zan zo da babban kaskona bayan na tashi daga ƙosai. Ta ce in zo da gishiri kuma.

Ta ba mu ruwan randa muka sha, mai sanyi ƙwarai. Da muka tashi tafiya ta ce mu dakata, ta shiga ɗaki. Ta fito da atamfa a ninke, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda na ga an rataye ɗinkakkiyarta a baranda. Ankon godiyar ne, wanda 'ya'yan gida da surukai kaɗai za su sa ranar Lahadi. Ta ɗora wa Edith a hannu, ta ce ta nemi tela mai sauri, kuma ranar a layin iyali za ta zauna, kusa da ita. Edith ta rungume atamfar tana kuka.

Madam ta rako mu har get. Ta dube ni ta saman tabarau, fuskarta a ɗaure kamar tana ba da umarni a filin makaranta.

"Kafin a kai wa tela, a sa shi a firiji, Maman Edith. Kada ɓera ya ci."

Muka iso gida Albert yana shirin fita gadi. Edith ta wuce kai tsaye ta buɗe firijin, ta wangale ƙofar gaba ɗaya, ba ta ko sauke labulen falo ba, ga Funmilayo tana leƙe daga tsakar gida. Ta matsar da garin rogo, ta goge wurin da hannunta, ta kwantar da atamfar. Albert ya ji labari, daɗi ya kama shi, ya zo ya dafa firijin kamar yadda ya saba, ya ce to tunda ga suruki a hanya, bana kam dole a kira mai gyara.

Edith ta rufe ƙofar a hankali, ta gyara ƙyallen da ke kansa.

"A bar shi, Baba," ta ce. "In an gyara, ina za mu sa kayanmu?"